Tun da aka yi min aiki nake jin kunyar jikina, me ya faru lokacin da nake barci?

TAMBAYA:

Assalamu alaikum likita, dan Allah a sakaya sunana. Shekarata 37, sati biyar kenan da aka cire min ƙari a mahaifa, allurar barci aka min gaba ɗaya. Alhamdulillah ɗinki ya warke amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Abu na ƙarshe da na tuna shi ne fitila a saman kaina da wani yana cewa in ja numfashi, sai kawai na farka na ganni da robar fitsari, an aske min mara, rigar jikina ma ba wadda na shiga da ita ba ce. Wa ya saka min? Maza nawa ne a wurin? Ni da ko awo ban taɓa yarda namiji ya min ba. Ga ƙanwar mijina da ta yi jinyata tana ta ba mutane labari wai da na farfaɗo na dinga kuka ina sambatu ina kiran mahaifiyata da ta rasu, ana dariya. Yanzu ko maigidana ba na son ya taɓa ni, kuma na kasa faɗa wa kowa kar a ce na yi wa Allah butulci. Anya lafiyata ƙalau?

AMSA:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi ya kuma jiƙan Mama. Ni likitan allurar barci ne, wato mu ne masu tsayawa ta wajen kanki muna cewa ki ja numfashi. Kuma ba butulci kika yi ba, mutum yana iya gode wa Allah da samun lafiya kuma abin da ya gani ko ya kasa gani ya tsaya masa a rai, duka biyun suna zama a zuciya ɗaya.

Bari in fara da abin da nake ganin shi ne tushen damuwar. Muna cewa allurar barci amma gaskiya ba barci ba ne. Mai barci in ya farka yana da ɗan sanin cewa lokaci ya wuce, in aka ja masa mayafi ma zai motsa. Wannan kuwa yanke lokacin ake yi kamar da almakashi, kin rufe ido a nan kin buɗe a can, tsakani babu komai. Akwai ma maganin da muke bayarwa mai suna midazolam da ke hana ƙwaƙwalwa ajiye abin da ya faru, shi ya sa ko mintunan da idonki biyu a ɗakin farfaɗowa za su iya ɓace miki. Toh macen da tun tana ƙarama ita ke tsaron suturarta, rana ɗaya a ce ga awa biyu ko uku da ba ta nan kuma wasu sun juya jikinta, dole zuciya ta cike gurbin da zato, kuma zato ba ya zaɓar mai kyau. Don haka bari in cike miki gurbin da yadda ake yi.

Da an tura farin maganin nan mai kama da madara ta kanula, furofofol, ba a cika minti ɗaya ba kin tafi. Sai mu saka bututun numfashi ta baki, shi ne dalilin kaushin maƙogwaro da wataƙila kika ji kwana ɗaya ko biyu, mu rufe idanunki da filasta don kar su bushe. Robar fitsari nas ko ɗaya daga cikin likitocin ke sakawa, kuma da gangan ake yawan bari sai kin yi barci don a rage miki zafi da kunya. Dole ce a irin aikinki domin mafitsara a gaban mahaifa take, in ta cika wuƙa na iya samunta, sannan da yawan fitsarin muke gane ko jini da ruwan jikinki sun isa. Askin don wurin yanka ne. Daga nan a wanke ciki da maganin kashe ƙwayoyin cuta, galibi aidin mai launin ƙasa-ƙasa ɗin nan, wannan ne lokacin da jiki ya fi buɗewa kuma 'yan mintuna ne, sai a lulluɓe ki da manyan ƙyallayen tiyata tun daga ƙirji har ƙafa, a bar 'yar taga daidai inda za a yanka, a kuma ɗaga labule tsakanin fuskarki da masu aikin. Wallahi sau da yawa mai yin aikin fatar da bai fi tafin hannu biyu ba yake kallo har a gama. Riga kuma ana canza ta ne in jini ko ruwan wanki ya ɓata ta, kar a fito da ke a jiƙe cikin sanyi.

Maza nawa? Ba zan miki ƙarya in ce duk mata ne ba. Aiki irin wannan yana ɗaukar mutum kamar biyar zuwa bakwai, mai yin aikin da mataimakinsa, nas mai miƙa kayan aiki, wata mai kai-komo, ni da mai taimaka min, in asibitin koyarwa ne kuma ana iya samun ɗalibai. A asibitocinmu da wuya a rasa namiji a cikinsu. Abin da zan iya faɗa miki shi ne idon mutumin da ke lissafin jinin da ya zuba da bugun zuciya ba irin idon da kike tsoro ba ne, ni kaina rabin lokacin allon na'ura nake kallo. Malamai kuma sun yi bayanin larura a magani, ba ki aikata laifi ba.

Maganar sambatu. Lokacin da ake aikin ba ki ce uffan ba, bututun nan tsakanin igiyoyin murya yake wucewa, ko kin so magana ba za ta fita ba. A farfaɗowa ne ake yi, lokacin da rabin ƙwaƙwalwa ta tashi rabi ba ta tashi ba. Wani kuka, wani dariya, wani karkarwar sanyi har gado na motsi, wani amai, kusan mutum ɗaya cikin uku ma yana fama da tashin zuciya. In an haɗa da wani maganin sa barci mai suna ketamin abin ya fi yawa, kuma a ƙasashenmu ana amfani da shi sosai saboda yana da araha, ba ya faɗar da hawan jini kamar sauran, ga shi ba ya saurin tsayar da numfashi, amma halinsa ne ya kawo mafarkai masu nauyi da gane-gane. Na ga dattijo mai furfura yana kiran innarsa, na ga soja yana kuka kamar yaye. Masu tsoron sun tona asirinsu ma su kwantar da hankali, yawanci guntayen maganganu ne marasa kai da gindi. Ke mahaifiyarki kika kira, mutum in ya ji shi a hannun da bai sani ba wa zai kira in ba uwa ba? Ni ban ga abin dariya a nan ba. Kuma kin san hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, ciki har da mai barci har ya farka da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo.

Sai dai kar in wanke mu tas, mu ma'aikata muna da namu laifin, kuma a ganina ba a cikin tiyata mutunci ya fi zubewa ba, a hanya ne da ɗakin kwanciya. Ina sabon shiga aiki a wani asibiti muna turo wata mata daga tiyata, hankalina duk yana kan ledar ƙarin ruwa, ashe zanin ya zame cinyarta a waje ga 'yan dubiya cike da baranda. Wata tsohuwar nas ce ta taka birkin gadon da ƙafa, ta ja zanin ta soke shi ƙarƙashin katifa, ta gyara mata hula, sannan ta kalle ni ta ce likita da yayarka ce haka za ka wuce da ita? Har yau in na tuna sai na ji nauyi. Irin wannan, da zagayen safe da za a yaye miki zani gaban ɗalibai goma ba labule ba sallama, da ba mutum fo a gaban maƙwabtan gado, sabo ne ya kashe mana ido, ba wai dole aikin ya kasance haka ba.

Kuma kina da haƙƙi a rubuce. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta sirrin mara lafiya, sannan a 2018 gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da kundin haƙƙin marasa lafiya wanda ya haɗa da a yi miki bayani da harshen da kike ji kuma a mutunta ki. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce, a Amurka sai a 2024 hukumar lafiyarsu ta fito ƙarara ta ce dole asibitocin koyarwa su karɓi izini a rubuce kafin ɗalibi ya duba al'aurar wanda aka sa barci don koyo. In kina da wani dalili na zahiri da ya sa kike zargin an wuce gona da iri, ba zato kawai ba, ki kai ƙara wurin shugabannin asibitin, in ba su saurare ki ba akwai hukumar MDCN mai ladabtar da likitoci.

Abin da nake so ki yi yanzu, ranar komawa asibiti ki ce wa likitan ya buɗe fayil ɗinki ya karanta miki takardar aikin. Ana rubuta sunan wanda ya yi, wanda ya taimaka, wanda ya ba da allura, ƙarfe nawa aka fara aka gama, jini nawa ya zuba. Ki tambayi wa ya saka robar. Ba rashin kunya ba ne, jikinki ne. Mutane da yawa daga jin wannan kaɗai suke samun barci. Ki sa a auna jininki kuma, masu ƙarin mahaifa da yawa dama jininsu ya yi ƙasa tun kafin aiki, kuma ƙarancin jini shi kansa yana kawo kasala da faɗuwar gaba da ƙunci.

Batun maigida, dama akan ce a dakata kamar sati shida bayan irin wannan aikin, don haka ba ki makara ba. Amma ki faɗa masa ko da kaɗan ne, kar ya ɗauka ƙinsa kike yi. In kuwa abin ya ci gaba, kina mafarkin tiyata, warin asibiti na sa gabanki faɗuwa, ba kya barci, kina kuka ba dalili, to sati biyar ya isa ki ga likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara, ba hauka ba ne kuma ana warkewa. In har tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa, wannan kar ki kwana da shi. Haka in kina tuna jin muryoyi ko zafi ana tsakiyar aiki kin kasa motsi, wannan wani abu ne daban, yana da wuya sosai, wani babban bincike a Birtaniya a 2014 ya samu rahoton kusan mutum ɗaya cikin 19,000, amma yana faruwa kuma dole a gaya wa mai allurar.

Tunda wasu da aka cire wa ƙari haihuwarsu ta gaba da aiki ake yi, ki riƙe wannan: za ki iya neman allurar baya wadda idonki biyu in likita ya ga ta dace, ki nemi mace ta saka robar, a bar miki ɗankwali har ƙofar tiyata, ki ce ba kya son ɗalibai. Ba kullum ake samun duka ba amma wanda bai tambaya ba ba a ma san yana so ba. Kuma ki zaɓi mai jinyarki da kanki, mai riƙe baki. Ita kuwa ƙanwar mijin, ba sai kin yi faɗa ba, ki sa yayanta ya kira ta gefe ya ce mata labarin nan ya isa haka.