Tsohuwar S-Class mai araha da fitilun gargaɗi a kunne: da gaske sensa ce kawai?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Injiniya. An yi mini tayin Mercedes-Benz S500 ƙirar 2007, kuma kuɗin da aka sa mata bai kai na ƙaramar Corolla wadda ba ta kai ta shekaru ba. Na tuƙa ta, ban taɓa jin daɗin mota kamar haka ba. Abin da ya hana ni barci shi ne fitilar injin tana kunne, akwai saƙon birki a kan allo, sannan da safe gabanta yakan kwanta har sai an tayar da injin ta miƙe. Mai motar ya ce duk sensa ce kawai, makanikinsa zai goge su da kwamfuta. Abokaina kuwa suna ta ce mini araha ba ta ado. Kuɗin nan na daɗe ina tara su, kuma iyalina zan riƙa ɗauka a ciki. In saya ko in haƙura?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka biya ko sisi a halin da motar take ciki yanzu. Ban ce ka haƙura da ita gaba ɗaya ba, domin W221, wato S-Class da aka ƙera daga 2005 zuwa 2013, mota ce mai inganci, kuma ta fi wadda ta gabace ta, W220, juriya ga tsatsa da matsalolin lantarki. Amma akwai abubuwan da ya wajaba a gano kafin a yi maganar ciniki.

Dalilin arahar ba ɓoyayye ba ne. Masu kuɗin da suka saye ta sabuwa sun koma kan sabon ƙira, masu neman motar hannu kuma suna gudun ɗawainiyarta, saboda haka farashinta ya faɗi. Kayan gyaranta ba su bi shi sun faɗi ba. Shokazoba, faifan birki, taya mai faɗi, batir biyu da ƙirar farkon W221 take ɗauke da su, bakin mai kimanin lita 8 da rabi mai lambar amincewar Mercedes 229.5, duk ana sayar da su ne da farashin motar manya. Injin lita 5.5 ne mai silinda takwas, yana jan nauyin da ya kusa tan biyu, kuma a cunkoson gari lita 16 zuwa 20 a kowace kilomita 100 ba abin mamaki ba ne. Shawarata ga duk mai sayen irin wannan mota ita ce ya riƙe aƙalla rabin kuɗin da ya saye ta a gefe saboda shekarar farko. Idan sayen zai cinye duk abin da ka tara, to maganar ta ƙare tun daga nan.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a cikin wasiƙarka, wato kalmar "sensa ce kawai". Kullum sai na ji ta, daga bakin dillalai, daga bakin masu mota, kuma abin takaici har daga bakin mutanen da suke kiran kansu makanikai. Sensa tana lalacewa, ba na musun haka. Sai dai aikinta shi ne ta auna wani abu ta kai rahoto, kuma idan ta kai rahoton matsala, hankali ya ce a fara duba abin da ta auna kafin a zarge ta. Goge lambar kuskure da kwamfuta ba ya gyara komai, daidai yake da ɗaure bakin kare don kada ya yi haushi alhali ɓarawo yana cikin gida. Lambar za ta dawo bayan 'yan kwanaki, lokacin da kuɗinka ya riga ya shiga aljihun wani.

Bari mu ɗauki fitilunka ɗaya bayan ɗaya, ka ga abin da kowace za ta iya ɓoyewa. Injin motar nan sunansa M273, kuma a waɗanda aka ƙera da farko akwai wani haƙorin ƙarfe da sarƙar taimin take bi ta kansa wanda aka yi shi da ƙarfe mai laushi. Idan ya cinye, lokacin buɗewar bawul yakan kauce, kwamfutar ta rubuta lamba 1200 ko 1208. Abin da ake yi wa mai saye shi ne a ce sensar kamshaf ce, wato sandar da take buɗe bawul, a canza sensar, a goge lambar. Gyaran gaskiya kuwa sai an buɗe injin an canza haƙorin, kuma kuɗinsa yana iya kusantar kuɗin motar. Motar 2007 tana kan iyakar waɗanda abin ya shafa, don haka dole a karanta lambar injin ɗin kanta a gwada da jerin da kamfanin ya fitar. Fitilar nan ɗaya tana iya nufin ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kamar kwayil guda da ya mutu, tana kuma iya nufin wannan babban aiki, kuma babu mai iya bambance su da ido ko da rantsuwa. Har maganadisun kamshaf ɗin ma a wannan injin sukan yi yoyon mai, man ya bi cikin wayoyi a hankali har ya isa kwamfutar injin, wanda ya sa ko da sensar ce ta lalace, ana buɗe soket a duba ko akwai danshi.

Saƙon birki shi ne wanda ba na yarda a yi mini wasa da shi. Yana iya zama takalmin birki ne ya cinye, yana iya zama man birki ne ya ragu saboda yoyo, yana iya zama na'urar ABS da ESP, mai hana taya kullewa lokacin birki da hana mota zamewa, ce ta daina aiki. Na sha ganin inda aka yanke wayar sensar takalmin birki aka haɗe bakinta biyu don saƙon ya ɓace, motar ta ci gaba da tafiya har ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Na ga inda aka soka ɗan rizisto a layin eyabag, wato jakar da take kumbura ta tare mutum lokacin haɗari, don kwamfuta ta ɗauka jakar tana nan lafiya alhali ta fashe tun a wani tsohon karo ba a mayar da ita ba. Na ga inda aka buɗe allon mita aka liƙe fitila da baƙin salatif. Wannan ba gyara ba ne, ha'inci ne, kuma mai yin sa ya san cewa wani zai ɗora 'ya'yansa a kujerar baya. Abin da ya ƙara mini haushi shi ne a kan S-Class ne Mercedes ya fara fitar da ABS a 1978, da eyabag a 1981, da ESP a 1995, da tsarin PRE-SAFE mai ɗaure bel kafin karo a 2002. Abubuwan da suka sa motar ta yi suna su ne ake kashewa ɗaya bayan ɗaya da filaya da salatif, sannan a sayar wa mutum tan biyu na ƙarfe mai ƙarfin doki sama da 380 a ce masa ta fi kowace mota tsaro.

Kwanciyar gabanta da safe kuwa ba ta da alaƙa da sensa ko kaɗan a mafi yawan lokuta. Motar tana zaune ne a kan robobin iska na tsarin Airmatic, kuma roba mai shekaru da yawa takan tsage ta riƙa sakin iska cikin dare. Da safe kwamfuresa ta cika ta, motar ta miƙe, mai ita ya ce ka gani ai lafiya lau take. Amma an ƙera kwamfuresar ne don ta yi aiki na ɗan lokaci ta huta, kuma idan yoyo ya tilasta mata aiki ba tsayawa sai ta ƙone, wani lokaci tare da rile ɗinta. Gyaran ƙafa ɗaya ya koma gyaran ƙafafu biyu da kwamfuresa. Idan robar ta fashe ana cikin gudu, kusurwar motar takan faɗi a kan taya nan take. Wasu S-Class ɗin, musamman S600, suna da tsarin ABC mai aiki da mai a matsi mai tsanani maimakon iska, kuma wannan ya fi tsada nesa ba kusa ba, don haka ka tabbatar wanne ne a ƙarƙashin taka.

Daga wannan gurguwar fahimta ce sauran ɓarnar take fitowa. Wanda ya yarda cewa kwamfutar mota maƙaryaciya ce, shi ne zai yarda a cire masa tamostat, mai daidaita zafin injin, a haɗa fanka kai tsaye wai don injin ya yi sanyi. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa yakan sha fetur fiye da kima, fetur ɗin ya wanke man da ke jikin silinda, kuma silindar M273 ta alminiyon da silikon ce, ba a yi mata bori, wato faɗaɗa raminta, kamar ta tsohon injin ƙarfe. Shi ne kuma zai ga fitilar injin tana ƙiftawa, alamar silinda tana fashin wuta, ya ci gaba da tafiya har ɗanyen fetur ya narkar da katalis, wato na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa, sannan a farke katalis ɗin a zubar a ce an huta. Haka nan giyabos ɗin 7G-Tronic: idan ta fara maƙalewa a giya ɗaya, sau da yawa farantin lantarkin da ke cikinta ne, kuma an ɗaure shi da lambar motar ta yadda ba a ɗauko na wata mota a liƙa kawai. Man giyabos ɗin ana canza shi wajen kilomita 60,000, kuma ja ne a motocin da aka ƙera kafin tsakiyar 2010, shuɗi a na bayansu, ba a gauraya su. Duk wanda ya ce maka man giya na har abada ne, ka tambaye shi me ya sa ZF, mai ƙera giyabos ɗin BMW 7 Series da Audi A8 da Jaguar XJ, ya ba da shawarar canza nasa tsakanin kilomita 80,000 da 120,000 ko bayan shekara takwas.

Abin da za ka yi shi ne ka kai motar wurin wanda kai ka zaɓa, ba makanikin mai sayarwa ba, kuma wanda yake da na'urar Mercedes ta asali, Star Diagnosis ko XENTRY. 'Yar na'urar OBD da ake sokawa a haɗa da waya tana karanta ɓangaren injin da hayaƙi ne kawai, alhali motar tana da kwamfutoci da dama na birki, da iska, da giya, da eyabag, kowace da nata tarihin. Ka ce a buga maka cikakken rahoto kafin a goge komai. Idan aka tarar tarihin fes yake, a duba gwaje-gwajen da kwamfutar injin take yi wa kanta: idan suka nuna ba su kammala ba, to ba a daɗe da gogewa ba. Ka je ka same ta da sanyin safiya kafin kowa ya tayar da ita, ka ga tsayuwarta, ka saurari ƙarar sarƙa a daƙiƙun farko. Ka kunna wuta ba tare da tayar da injin ba, ka tabbatar fitilar eyabag da ta ABS da ta injin sun kama, domin fitilar da ba ta kamawa sam ta fi wadda ta ƙi mutuwa ban tsoro. Ka ɗaga kafet ka taɓa ƙasa, saboda ruwan da ya shiga ta toshewar magudana yakan kwanta daidai inda wayoyi suke. Takardun sabis sun fi adadin kilomita muhimmanci a wurina, kuma kilomitar ma ana iya gwada ta da abin da sauran kwamfutocin suka adana.

Idan girma da laushin tafiya kake nema ba tambarin ba, Lexus LS430 ta 2000 zuwa 2006 ta fi sauƙin riƙo, muddin an canza bel ɗin taimin a kan lokaci kuma ka samu wadda take kan sifirin ƙarfe. BMW 7 Series ta 2001 zuwa 2008 mai injin N62 kuwa tana da nata ciwon na robobin bawul da bututun ruwa na tsakiyar injin, ba zan tura mai ƙaramin ƙarfi gare ta ba.

Ina kira ga 'yan'uwana masu sana'a su ji tsoron Allah. Mutum ya kawo maka motarsa ne saboda bai san abin da ka sani ba, wannan amana ce, kuma kashe fitilar birki ko ta eyabag don a burge mai saye cin amanar rai ne ko da haɗarin bai auku ba. Idan ba ka da na'urar ko ilimin, faɗin haka ba ya rage maka daraja. Kai kuma Malam, ka koma wurin mai motar ka gaya masa cewa tunda sensa ce kawai, ai gyaran ba zai yi masa nauyi ba: ya yarda a kai ta binciken da kai za ka biya, a bar ta ta kwana a garejin, a rubuta kuɗin kowane gyara a cire daga farashin. Idan lambar injin ta faɗa cikin waɗanda haƙorin taimin ya shafa kuma babu takardar da ta nuna an canza shi, ko kuma ya ƙi yarda a taɓa motar kafin a biya, ka bar masa abarsa ka nemi wata.