Hodar harsashi da littafi ya ambata ta ƙare, in zuba wata a madadinta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Houston ta jihar Texas. Ina da libarba mai cin harsashin .38 Special da nake zuwa filin gwajin harbi da ita, kuma saboda tsadar harsashi na sayi injin ɗura harsashi na fara tara kwansunan da aka harba. Hodar da littafin ɗuri ya ambata ta ƙare a shagunan kusa da ni. Wani da muke haɗuwa a filin ya ba ni rabin gwangwanin wata, babu takarda a jikinsa, ya ce hoda duk hoda ce, in auna da ɗan cokalin da na saba. Na ɗura guda hamsin amma na kasa harba ko ɗaya, gabana sai faɗuwa yake yi. Mahaifina maharbi ne a ƙasar Ningi, a tafin hannu yake auna albarushi, kuma bai taɓa samun matsala ba. Ko dai tsoro ne kawai ke damuna?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka gode wa Allah da wannan faɗuwar gaban. Kada ka harba ko ɗaya daga cikin hamsin ɗin nan. Ka nemi gudumar zare harsashi, ka zare su ɗaya bayan ɗaya, ka zubar da hodar a wani mazubi daban, ka haɗa da gwangwanin ka kai wurin karɓar shara mai haɗari na yankinku. Hodar da ba a san sunanta ba babu wanda zai gane ta da ido, ko da shi ya ƙera injin da ya niƙa ta.

Maganar nan ta "hoda duk hoda ce" na gaji da jin ta, kusan kullum sai an zo min da ita. Mahaifinka bai yi kuskure ba, domin abin da yake ɗura wa bindigar toka albarushi ne baƙi, shi kuwa da mudu ake auna shi tun asali, ɗan ƙari ko ragi bai cika kai mutum asibiti ba. Abin da ke gabanka wani abu ne daban. Hoda marar hayaƙi, wadda Bafaranshen nan Paul Vieille ya fara samarwa a 1884, halinta shi ne gwargwadon matsin da take ciki gwargwadon saurin cinta. Matsi na ƙara mata sauri, saurin na ƙara matsi, duk cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Shi ya sa idan ka ninka hodar, matsin ba ninki biyu yake tsayawa ba, wucewa yake yi nesa. Wannan ne ma dalilin da ya sa raina ke ɓaci idan na ji wasu maharba a gida suna farke harsashin zamani su juye hodarsa a bindigar toka. Bututun da maƙeri ya yi don albarushi ba zai iya ɗaukarta ba, tarwatsewa yake yi a fuskar mai shi.

Sannan cokalinka ba nauyi yake aunawa ba. Wata hodar falle-falle ce, wata ƙwaya-ƙwaya kamar gero, wata kamar yankakken zare. Cokali ɗaya na wannan da cokali ɗaya na waccan nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma ko nauyin ya zo daidai, saurin cinsu ya bambanta. Ana auna hoda da giren, giren 7,000 ne a fam guda, wato giren ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba. A harsashin ƙaramar bindiga, tazarar da ke tsakanin awon farawa da awon ƙarshe sau da yawa ba ta kai giren ɗaya ba. To wane ido ne zai ga wannan? Ko suna ma yana yaudara. Kamfanin Hodgdon ya fitar da Clays da Universal Clays da International Clays, hoda uku ne mabambanta, kowace da awonta. Idan masu suna a jiki suna iya rikita mutum, ina ga gwangwanin da babu ko harafi a kansa?

Harsashinka ma shi ne ya fi kowane saurin cin amanar sabon hannu. An ƙirƙiro .38 Special a 1898 domin baƙin albarushi, shi ya sa kwansonsa dogo ne. Hodar zamani mai saurin ci can ƙasa take kwanciya, sai ka zuba sau biyu ba ta ko leƙo ba. Iyakar matsin da ƙungiyar SAAMI, mai tsara ƙa'idojin bindiga da harsashi a Amurka, ta ƙayyade masa ita ce fam 17,000 a kan kowane inci murabba'i, ƙasa da rabin na harsashin 9mm da ke da 35,000. An taɓa kawo min wata libarba a cikin kwalin takalmi. Ƙarfen saman ya lanƙwashe ya kalli sama, gangar da ake jera harsashi a ciki ta tsage, ɗakuna uku sun buɗe kamar an fasa gyaɗa. Mai ita yana tsaye hannunsa naɗe da bandeji, yana ta rantsuwa sau ɗaya ya zuba. Da na matsa masa, ashe wayarsa ce ta yi ƙara yana tsakiyar ɗuri, ya amsa, ya dawo ya ci gaba daga inda yake zaton ya tsaya.

Bokayen intanet kuwa da ke rubuta awo a Facebook suna cewa "ni dai haka nake yi", ba za su raka ka asibiti ba. Ba su da na'urar gwada matsi, ba su san bindigarka ba, wasu ma haddace lambar suka yi suka rubuta ta a karkace. Ka riƙe littafin ɗuri na Lyman ko Hornady ko Speer, ka gwada shi da abin da kamfanin hodar da kansa ya wallafa. Idan hodar da kake so babu, ka duba littafin ka zaɓi wata da ya lissafa wa nauyin kan harsashinka, ka fara daga awon farawa. Ka sayi sikeli, gwangwani ɗaya tak a kan tebur, kuma kafin ka ɗora kan harsashi ka haska tocila cikin kwansunan nan a jere, ka ga tsayin hodar ya zo ɗaya.

Akasin zuba sau biyu ma yana nan: kwanson da aka manta ba a zuba masa komai ba. Za ka ji ƙara 'yar ƙarama, bindigar ba ta ture hannunka ba, harsashin ya maƙale a bututu. Ka cire yatsa daga kunama nan take, ka zazzage ta ka duba, domin na biyun a kan na farko zai sauka.

Ba ka faɗi matsayin takardunka ba. A dokar tarayyar Amurka kwanso da hoda da firaima, wato ɗan abin da ke kunna hodar a gindin kwanso, duk harsashi ake lissafa su, kuma mai bizar zama na wucin gadi an hana shi mallakarsu sai da wasu togaciya, kamar lasisin farauta. Ɗura wa kanka ba ya buƙatar lasisin tarayya, sayarwa kuwa tana buƙata. Kada kuma ko kwanso ɗaya ya ɓuya a jakar da za ka tafi gida Najeriya da ita. Wurin ɗurin ya yi nesa da kicin da yara, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci, saboda ƙurar dalma da ke jikin tsofaffin kwansuna.