Madarar gwamnati da Yaya ta ce in aiko

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiyar suna, ya mai jego da jaririya, ya mutanen Tudun Wada? Allah Ya raya mana ita.

Na ji saƙonki. Kin tambaya ko da gaske ne gwamnatin Amurka na ba mu madarar jarirai kyauta, in kuwa haka ne me zai hana in tara gwangwanaye in ba mai tahowa ya kawo wa jikarki. Na farkon gaskiya ne. Na biyun ne ba zai yiwu ba, kuma wallahi ba rowa ba ce.

Shirin sunansa WIC, yana ƙarƙashin ma'aikatar noma ta tarayya. An fara gwada shi a 1972, ya zauna da gindinsa a 1975, yanzu mutum sama da miliyan 6 ke cikinsa. Na masu ciki ne, da masu jego, da jarirai, da yara har ranar da suka cika shekara 5. Ba sai wanda ya rasa na sawa a baki ba: gidan da samunsa bai wuce kashi 185 cikin 100 na ma'aunin talaucin gwamnati ba ya cancanta. Shi ya sa a nan Bronx, cikin birnin New York, za ki ga matar direban tasi da mai aikin jinyar tsofaffi duk da katinsu, kuma kowannensu haraji na fita daga guminsa. Wannan ce amsar maganar Alhaji cewa mun zo Turai muna bara. Mazajenmu ma da irin wannan kunyar suke sauka daga jirgi. Matan da suka daɗe a nan, yawanci Hausawan Gana da Nijar, su ke kama hannun sabuwar zuwa su kai ta ofis, su bar maigidan ya huce a hankali.

Abin da ba ki sani ba shi ne, ba kuɗi ake miƙo mana ba, ba kuma buhu ake saukewa a ƙofar gida ba. Sai an ɗora yaro a sikeli, an auna tsayinsa, an ɗan tsaga yatsa an duba jininsa, an zauna da ke an tambayi me yake ci, sannan a zuba a kati abin da ya dace da shi, kamar yadda likita ke rubuta magani da sunan majinyaci. Madara adadi kaza, ƙwai dozin ɗaya a wata, wake ko man gyaɗa mai kauri, hatsin karin kumallo mai sinadarin ƙara jini, burodin alkama ko shinkafar da ba a surfe ba. Ga kuma na kayan lambu da 'ya'yan itace, wanda a 2024 ya kama dala 26 a wata ga kowane yaro, mai shayarwa kuma dala 52. Ɗan shekara ɗaya madara mai maiƙo ake rubuta masa, in ya kai biyu a koma marar maiƙo sosai. Kika ɗauko abin da ba ya cikin lissafi, na'urar kanti ta ƙi shi, jama'a na bayanki a layi. Abin da ba ki ɗauka ba har watan ya ƙare, ya tafi ke nan.

Nan ne zuciya ke raya wa mutum: tun da zai tafi, ai gara in kwashe in ba wani. Mu da aka raina a gidan da ba a hana maƙwabci gishiri, wannan doka ta fi kowacce yi mana nauyi. Amma sayar da kayan, ko tallarsu a Facebook, ko ba da su kyauta, duk laifi ne, ana iya cire mutum daga shirin a kuma sa shi ya biya. Ni ba tsoron kamun ne ya fi damuna ba. Hannu na sa a takarda na ce na amince, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malaminmu ya taɓa tsayawa a kan wannan a karatun mata, ya haɗa har da masu ɓoye samun mazajensu don kuɗin a hannu ake biyansu. Ya ce dukiyar gwamnatin da ba ta Musulmi ba ma amana ce, ƙarya kuma ba ta halatta don an ƙetare teku. Wasu ba su ji daɗi ba, amma ba wadda ta iya musawa.

Ke ma shaida ce, Yaya. Ke kika taɓa ba ni labarin abincin tamowa na cikin leda, wanda ake bai wa yaran da suka rame a asibiti, yadda ake ganinsa a kan tire a kasuwa, ƙarti na saye suna tsotsa. Kin ce Allah Ya isar wa yaran. To kowane gwangwani da ya bi ta bayan gida a nan, da sunan wani jariri aka fitar da shi. Ba ma ya yin saura: ƙari ne kawai, in jariri ya fara girma sai iyaye sun cika da kuɗinsu kafin wata ya mutu. A 2022, da aka rufe wata babbar masana'anta a jihar Michigan, kantuna suka zama wayam, iyaye na yawo gari-gari, likitoci na ta gargaɗi kada a ƙara wa madara ruwa don ta auku, domin hakan na iya kai jariri ga jijjiga. In yaro ya canza madara aka sami ragowa, ofis ake mayarwa.

Kada ki ɗauka mun zama Turawa, kowa da ƙwaryarsa. Abin da ya shiga tukunya na kowa ne, baƙo ma ana zuba masa madara a shayi. Yaron dai ake fara sallama. Waken nan shi ke zama alala da ƙosai, man gyaɗar ya shiga kunu da miyar taushe, madarar in ta yi yawa mu kwantar da ita kindirmo. Naman jarirai na cikin kwalba muna barinsa a kanti tunda ba yankanmu ba ne, kindirmon roba kuma sai an karanta bayansa saboda wani ana sa masa sinadarin da ake samu daga alade. Abin da na san yarana ba za su ci ba, ba na ɗauka. Sai in gaya wa ma'aikaciyar, in da abin musanya ta musanya.

Sannan su masu ba da madarar, nonon uwa suka fi so. Wadda ke shayarwa zalla ita ke samun kaso mafi tsoka, har shekara guda, da kifin gwangwani, da na'urar tatsa idan tana fita aiki. Ki duba jikarki: in aka ɗora ta a kan gwangwani, nonon uwar ya ja baya, kayan suka ƙare kafin a sami wani mai tahowa, sai yaya? Ga tsadar gwangwani a Kaduna, ga tafasa ruwa da kwalba kullum ko da wuta ko babu.

Don haka uwar za mu ciyar. Ranar Juma'a zan turo kuɗi daga albashina, ki sa a shiga Bakin Dogo a yo mata wake da gyaɗa da gero da busasshen kifi, a haɗa da ƙwai da hanta. A bar jaririyar da nono zalla har wata shida, kada a ɗura mata ruwa, zuma kuwa sai ta shekara. Idan kun ga ba ta ƙoshi ko nauyinta ba ya ƙaruwa, ku kai ta asibitin Yusuf Ɗantsoho a duba ta. In likita ya ce sai an haɗa da madara, ki faɗa mini sunan wadda ya rubuta, ku saya a nan Kaduna, kuɗin na wuyana.

Ki gaishe mini da Alhaji, ki kuma karanta masa sakin layi na uku.