Kafin ki ƙara sayen littafi, zauna ki gwada yaron nan da kanki

Assalamu alaikum 'yan gida. 'Yar'uwa da kika tambayi littattafan aiki da za ki saya wa ɗanki na SS2 da lissafi da Turanci suka sa a gaba, ga ƙanwarsa ta aji shida za ta zauna Common Entrance, sannu da ƙoƙari. Inda kika ce malamin lesin yana zuwa kullum, kin sayi duk abin da ya ce, amma sakamakon makaranta bai motsa ba, nan ne gabana ya faɗi. Wallahi kamar labarin gidana kika rubuta.

Babban yarona haka muka yi da shi. Aka haɗa mu da wani malami, aka ce gwani ne, yana koyarwa a wata makarantar kuɗi. Yana zuwa bayan la'asar, a shimfiɗa masa darduma a zaure, a kai masa ruwan sanyi, ran da aka yi dambu ko ɗanwake a zuba masa. Wata bai taɓa ƙarewa ban biya shi ba, ko da kuwa a ranar kuɗin cefane ne. Da Sallah har yadi na yanka masa. Shi yake rubuta sunayen littattafai, shi kuma yake cewa kada mu wahalar da kanmu zuwa Sabon Gari, a ba shi kuɗin zai sayo a wurin mutuminsa. Duk littafin da na buɗe sai in ga jan biro reras, an yi maki daga sama har ƙasa, an rubuta yabo a gefe. Uban yaron yana tafiye-tafiye, in ya dawo in nuna masa, mu yi ta hamdala.

Sakamakon WAEC ya fito, muka tafi kafe ni da yaron. Mai kafen ya juyo mana da fuskar kwamfuta: lissafi F9, Turanci D7. Na ce masa ya sake duba lambar, wataƙila ta wani ce. Ya sake, ita ce. Akwai mutane cike a shagon, wata mata a gefena tana guɗa 'yarta ta kwashe kiredit takwas. Yaron nan ya sunkuyar da kai, har muka hau adaidaita muka iso gida bai ce uffan ba. Ya shiga ɗaki ya rufe, tuwon dare ma haka aka ɗauke shi. Abin da ya fi ƙona min rai, sai da na riga na gaya wa dangin ubansa cewa yaro yana ƙoƙari, a shirya maganar jami'a. Kowa ya kira, sai in ce ba a sake nasu ba tukuna.

Ƙanin mijina malamin firamare ne. Shi ya zo ya ce a ba shi littattafan ya gani. Ya rufe su, ya yagi takarda, ya ce yaron ya tara 1/2 da 1/3. Yaron ya rubuta 2/5. Ya ce bakwai sau takwas, yaro ya fara ƙirga yatsu a ƙarƙashin tebur. Wanda ya gama SS3 fa! Da aka matsa masa sai ya faɗi gaskiya: malamin yana buɗe bayan littafi ne ya karanto amsa, ko ya yi aikin a allo shi kuma ya kwafa, sannan ya bi da jan biro. Sauran lokacin yana kan waya. Littattafan da ya sayo mana kuwa yawancinsu na bogi ne, bugun sata, takarda kamar ta ƙunshin ƙosai, wasu shafukan ma a juye, amma kuɗin na asali ya karɓa.

Na aika aka kira shi. 'Yar'uwa, ko kunya. Ya zauna ya harɗe ya ce, "Ai Hajiya, wani yaron Allah bai ba shi kan lissafi ba." A gaban yaron ya faɗa. Bai tsaya nan ba, wai in na shirya akwai wata santar jarrabawa da ya sani a bayan gari, in an biya za a "taimaka" wa yaro a NECO ta waje. Wato ya ci kuɗin koyarwar da bai yi ba, yanzu kuma zai ci na satar amsa. Har yau in na tuna yadda ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce a cika masa kuɗin rabin watan da ya rage, sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Na bar shi da Allah. Na ji ma har yanzu yana shiga gidaje a unguwar da jakarsa.

To ki yi haƙuri na cika ki da surutu. Abin da nake so ki yi yau, kafin ki fitar da ko sisi: ki sami takarda fara, ki zaunar da shi, babu littafi babu waya. Ki tambaye shi jadawalin sau daga shida zuwa tara. Ki ba shi rabawa mai tsawo guda biyu, da tarawar rabi da sulusi irin wadda na faɗa, amsar 5/6 ce. Ki ba shi jarida ko wani labari na Turanci ya karanta da ƙarfi, sannan ya gaya miki da Hausa abin da aka ce. In ke ba za ki iya ba, ki sami ɗalibar jami'a a maƙwabta. Inda ya tsaya, daga nan za ki sayi littafi. Ba ruwanki da ajin da yake. A ɗauki littafin SS3 a ba yaron da bai iya rabawa ba, daidai yake da a ɗura wa jinjiri tuwon dawa.

Mu New General Mathematics ƙanin mijina ya sa muka koma, amma na JSS1, ba na babbar sakandare ba. Yaron ya yi fushi, wai littafin ƙannensa ne. Aka naɗe bangon da takarda don kada abokansa su gani. Littafin yana da misali a gaba, aiki mai yawa a baya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma akwai amsoshi a ƙarshe. Waɗannan shafukan amsa na ɗinke su da allura da zare, ni kaɗai nake warwarewa in zan duba. Ki yi dariya, amma ta yi aiki. Daga na JSS1 zuwa na JSS3 bai ɗauke shi lokaci mai tsawo ba, tunda ba sabon abu ba ne, gurabe ne ake cikewa. Sai da ya gama su sannan ya taɓa na SS. Akwai Essential Mathematics da makarantu da yawa ke amfani da shi a babbar sakandare, shi ma yana da kyau, amma ki zaɓi ɗaya. Tara littafi uku a darasi ɗaya tsoro kawai yake ƙara wa yaro.

Littafin tambayoyin shekarun baya kuwa, wanda kowa zai ce miki ki saya, sai ya shiga SS3. Kuma ki yi hattara da amsoshin ciki, ba hukumar jarrabawa ce take rubuta su ba, masu bugawa ne, mun sha kama kuskure. A lissafin WAEC akwai takardar zaɓi mai tambaya 50, akwai kuma ta biyu da ake so yaro ya nuna yadda ya bi ya kai ga amsa, kuma matakan nan su ma ana ba su maki. Yaron da ya saba haddace A, B, C, D a nan yake zubewa. Ki sa ya riƙa rubuta kowane mataki ko da yana ganin ya san amsar. WAEC tana sa rahoton manyan masu makinta a shafinta na intanet kyauta, darasi-darasi, suna faɗin inda yara suka fi faɗuwa a kowace shekara. Ki sa a buga miki na lissafi da na Turanci a kafe. Ko da malamin can ya san da shi, bai taɓa ambata ba.

Af, in makarantar gwamnati yake a nan Kano, kada ki manta jarrabawar kwalifayin, wato ta tantancewa, a SS2 ake yi, ita ce gwamnati take dubawa wajen biyan kuɗin NECO. Kada ki bari sai baɗi.

Turanci shi ne ya fi ba ni wahala, gaskiya, don ba ya gyaruwa da littafin aiki kaɗai. Mun yi amfani da Brighter Grammar, ƙananan littattafan nan guda huɗu da iyayenmu ma sun sani. Tsoho ne, amma bayaninsa gajere ne, aikinsa yaro zai iya yi shi kaɗai. Daga na ɗaya za ki fara, kada ki raina shi. Bayan haka kullum ya karanta shafi biyu na kowane irin labari da ƙarfi, ya rubuta jimla biyar a kan abin da ya karanta. Duk Asabar wasiƙa ɗaya, ƙanin mijina ya duba. A takardar WAEC wurin taƙaita labari da wurin insha'i ne suke cin yaranmu, saboda suna jin Turancin a kunne amma ba su saba zama su rubuta nasu ba. Akwai kuma ɓangaren furuci, wanda yaron da bai taɓa jin yadda ake faɗin kalma ba sai dai ya yi canki-canka. Rediyo da Turanci na minti kaɗan da safe ya taimaka mana a nan.

JAMB kada ki sa ta a ranki yanzu. Amma ki sani tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, yanzu kuma tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran darussa uku 40-40. Na ga yaran da suka iya karatu amma hannunsu yana rawa a kan linzamin kwamfuta. In lokaci ya yi ki biya masa 'yan awanni a wurin gwaji ya saba. Littafin labarin da suke tambaya a kai kuma ana canza shi, kada ki saya sai an yi rajista an tabbatar da na shekarar.

Ita ƙaramar, littafin Ugo C. Ugo ne aka fi sani a Common Entrance, kuma ya ishe ta in akwai mai zama da ita. Ki fi ba da ƙarfi a ɓangaren nan na dabarun lamba da dabarun kalma, masu akwati-akwati da kibiyoyi, don yawancin makarantu ba sa koyar da su da kyau, sai yaro ya gan su ran jarrabawa ya rikice. Amma ita ma ki gwada karatunta tukuna. In tana tuntuɓe a kan kalmomi, ki nemo Queen Primer ki mayar da ita baya na ɗan lokaci, ba abin kunya ba ne. Ni tawa 'yar sai da na lura tana kai littafi har kan hanci, ashe ido ne. Tabarau aka ba ta, ba littafi ba. Ki duba wannan ma.

Ba ki tambayi Larabci ba, amma tunda na ga wata a ƙasa ta yi maganar Islamiyya: Durusul Luga na Dakta V. Abdur Rahim, wanda ake ce wa littafin Madina, juzu'i uku ne, cike yake da tamrini. Nahwul Wadih kuma misalai yake fara kawowa, sannan ƙa'ida, sannan aiki. Duk ana samun su a Kurmi da araha. Matsalar dai ɗaya ce, yara suna haddace darasin su rera, tamrinin kuma a tsallake.

Wajen saye, ki je da kanki ko ki aiki wanda kika yarda da shi. Ki buɗe tsakiyar littafin a gaban mai shago, ki duba zane-zanen lissafi ko sun fito, ki duba lambobin shafi ko suna bin juna. Na bogi rubutunsa yana dusashewa, ƙaramar lamba ta saman harafi takan ɓace gaba ɗaya, yaro ya yi ta fama da tambayar da ba ta da amsa. Kuma kada su rubuta a ciki, ki saya musu littafin rubutu mai shafi 80 su yi aikin a can, da kwanan wata a saman kowane shafi, ƙannensu su gaji na bugawar. Makarantun da suke tilasta mana sabon littafin aiki duk zango don kawai an cike na bara da biro, wannan maganar wata rana ce, in na fara ba zan gama ba.

Malamin lesin ɗinku ban ce ki kore shi ba, ban san shi ba, akwai na kirki da yawa. Amma ki dawo da darasin tsakar gida inda idonki yake, kuma duk Juma'a ki zaɓi tambaya uku daga cikin waɗanda aka yi wa maki a satin, ki sa yaron ya sake yin su a gabanki littafi a rufe. In malamin ya ɓata rai da wannan, kin sami amsarki.

Nawa yaron ya sake zama a shekarar da ta biyo, ya sami C5 a lissafi, C6 a Turanci, alhamdu lillahi. In kin yi gwajin, ki dawo nan ki faɗa mana a ina ya tsaya. New General Mathematics ɗinmu na JSS2 da na JSS3 suna nan a kwali ba mai amfani da su, in kina cikin gari ki yi min magana ta akwatin saƙo in aiko miki.