An mayar mana da DVD na waya, sai kowa ya koma gajere mai faɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna da faifan DVD na bikin yayata, kuma a ciki ne kaɗai muke da hoton mahaifinmu mai motsi, Allah Ya jiƙansa. Na kai wani shago aka mayar mini da shi MP4 don in tura wa dangi, amma da na kunna sai na ga kowa ya gajarce ya yi faɗi, fuskoki kuma sun yi dishi-dishi. Ko akwai gyara? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya gafarta wa Baba. Akwai gyara, muddin faifan na asali yana hannunki. Ki koma gare shi, ki ajiye abin da aka yi miki a shago, domin ba daga wannan za a fara ba.

Faɗin da mutane suka yi miƙe hoton aka yi. Yawancin bidiyon biki na zamanin DVD an ɗauke su ne da ma'aunin tsohuwar talabijin, faɗi 4 tsayi 3. Allon talabijin na yanzu kuwa 16 da 9 ne, na waya in an kwantar da ita ma haka ne ko ya fi faɗi. Mai shagon ya tilasta wa hoton cika allo, ya ja shi hagu da dama kamar roba. Daidai shi ne a bar shi yadda yake, baƙin fili ya fito a gefe biyu. Mutane da yawa sun tsani baƙin nan, ni kuwa na fi son ganinsa a kan in ga an sauya wa mamaci kamanni.

Akwai kuma wani tarko. DVD na tsarin PAL, wanda shi ake amfani da shi a Najeriya, yana ajiye hoto a ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye, kuma ɗigon nan ba murabba'i ba ne. Wata alama ce a cikin faifan take gaya wa na'ura ta buɗe shi ya zama kamar 768 da 576. Manhajar da ta yi watsi da alamar sai ta fitar da mutane sirara. To ko ƙiba ko rama, tushen matsalar ɗaya ne.

Dishi-dishin kuma daga matsewa ne. MP4 mazubi ne kawai. Hoton da ke ciki ana matse shi da wani tsari, galibi H.264, kuma kowace matsa tana zubar da wani abu da ba ya dawowa. An matse a shago, in kuma aka tura WhatsApp ya sake matsewa, wanda ya karɓa ya tura gaba. Kumbura hoton zuwa ɗigo 1080 a tsaye ma ba ya ƙara masa kyau ko kaɗan, nauyi kawai yake ƙarawa.

Ga abin da za ki yi, ko ki sa wani mai kwamfuta ya yi a gabanki. Da farko a kwafe jakar VIDEO_TS, wato folda da bidiyon yake ciki, gaba ɗayanta daga faifan, a adana a wuri biyu. Ba za ta wuce gigabait 4.7 ba in faifan mai shimfiɗa ɗaya ne, kuma faifai yana karcewa, yana lalacewa da zafi. Sannan a buɗe ta da HandBrake, manhaja ce ta kyauta. A zaɓi saitin "Fast 576p25", a bar "Anamorphic" a kan "Automatic" don ta mutunta waccan alamar. Lambar inganci da ake kira RF a sa ta 18 zuwa 20; ƙaramar lamba ita ce ta fi kyau, fayil ɗin dai zai fi nauyi. Kada a kashe tacewar "Decomb", ita ke goge layukan nan masu kama da haƙoran matsefi da ke fitowa idan 'yan rawa suna motsi.

Kafin a juya duka, a gwada minti ɗaya. Ki nemi abu zagayayye a ciki, faranti ko tayar mota. In ya fito kamar ƙwai, ma'aunin bai daidaita ba tukuna.

Wajen turawa dangi kuma, ki aika shi ta WhatsApp a matsayin "Document", ta nan ba ya taɓa hoton.