Wane Famfo Ne Zai Jure Zafin Zobo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina dafa zobo na sayarwa a wani ƙauye kusa da Gumel, kuma kullum nakan haɗa kimanin lita 80. Kwasar ruwan da zafinsa daga tukunya zuwa duro ta gajiyar da ni, har tiriri ya taɓa ƙona mini hannu. Maigidana ya ce mu gwada injin ban ruwan gonarsa. Shin zai yi, ko akwai famfon da ya fi dacewa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a sana'ar. A ba maigida haƙuri, a bar injin ban ruwa a fadama. An ƙera shi ne don ruwan sanyi, robar da ke tare masa yoyo ba ta jure tafasasshen ruwa, cikinsa kuma alminiyam ne ko baƙin ƙarfe, alhali zobo yana da tsami mai cin irin waɗannan ƙarafa, har ya ɓata launi da ɗanɗanon abin shan.

Abin da za ki nema shi ne ƙaramin famfon lantarki mai aiki da maganaɗisu, irin wanda masu dafa giyar sha'ir a gida a Amurka da Turai suka daɗe suna amfani da shi, domin su ma matsalarsu ita ce jan ruwa mai zafi, mai zaƙi. A irin wannan famfo babu sandar da ta ratsa daga injin zuwa cikin ruwa. Maganaɗisu ne ke juya farfelar da ke tura ruwan daga bayan bango, saboda haka babu robar jikin sanda da za ta cinye ta fara yoyo, wadda ita ce ta fi kashe famfuna. Ki dubi kansa, wato inda ruwan ke bi. Wanda aka yi da ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304 ya fi ƙarko, ko da yake ya fi tsada. Na roba mai jure zafi ma yana aiki, sai dai haƙoran da ake ɗaura tiyo a kansu sukan tsage idan an matse su da ƙarfi, kuma na ga wanda ya tsage a hannun yaron da ya ɗaure shi da sifana. Kan tagulla kuwa ki guje shi, domin wasu na ɗauke da dalma. A tabbata an rubuta a jikin famfon cewa yana jure aƙalla digiri 100 a ma'aunin Celsius, kuma na bolt 220 zuwa 240 ne; na Amurka mai bolt 110 zai ƙone a wutarmu. Ƙananan ba sa cin wuta sosai, ƙaramin janareta ko inbata ta sola za ta ɗauke su.

Amma ƙarkon famfon ya fi rataya a kan yadda aka riƙe shi. Ba ya iya zuƙo ruwa da kansa, don haka dole a sa wa tukunyar bututu a gindi, a ajiye famfon ƙasa da ita, ruwa ya gangaro ya cika shi kafin a kunna. Ruwan ne ke sanyaya farfelar yana kuma sa ta santsi, shi ya sa barinsa yana juyawa babu ruwa, ko na 'yan mintuna ne, kan lalata shi. Idan kina son rage gudu, ki rage a bawul ɗin mafita, kada ki taɓa matse mashiga. In kin ji yana ƙara kamar ana juya tsakuwa a kwano, tiriri ne ya shiga. Ki kashe, ki janye itace, ruwan ya ɗan huce.

Ki sa rariya a bakin bututun don tare ganyen zobo da citta da kanumfari, tiyon kuma ya zama na silikon, ba na ban ruwa ba. Bayan kowane aiki ki zagaya ruwan ɗumi a ciki kafin sukari ya daskare ya kama farfelar, sannan lokaci zuwa lokaci a kwance kan a wanke. Kafin ki biya a Kano, ki tambayi mai shagon ko yana da farfela da zoben roba na canji.