Amsa ga ƙanenmu mai shirin zuwa zamiyar ƙanƙara a Uludag

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce abokan karatunka sun shirya tafiya dutsen Uludag na Bursa a hutun hunturu, ba ka taɓa taka siki ba, wato dogayen katakan nan biyu da ake zamiya da su a kan dusar ƙanƙara, kuma kana tsoron dawowa da karaya. Ka je abinka, amma ga abin da na gani a shekarun da na yi ina hawa duwatsun Turkiyya.

Tun daga shagon haya ake tsira ko a jawo rauni. Mai shago zai tambayi nauyinka, tsawonka, shekarunka da iyawarka, sannan ya ɗauki sukuddireba ya juya wata 'yar lamba a jikin maƙalin da ke riƙe takalmi a kan katakon. Lambar nan ce ke sa maƙalin ya saki ƙafarka idan ka faɗi. Samarinmu da yawa kunya ke hana su cewa yau suka fara, sai su ce sun ɗan iya. A ɗaure musu tamau, su faɗi, katako ya ƙi fita, ya murɗe ƙafa. Don Allah ka gaya masa gaskiya, kuma kada ka ari na aboki, domin da jikinsa aka auna.

A siki gwiwa ce ta fi shan wuya. Akwai jijiya a tsakiyarta mai haɗa ƙashin cinya da na ƙwauri, kuma idan ta tsinke ba aikin mai ɗori ba ne, sau da yawa sai tiyata da watanni ana gashi. A gabana wani ɗan'uwanmu ya tafi ta baya kamar zai zauna, yana cikin sulalewa ya yunƙura zai miƙe saboda idon mutane. Sai ihunsa muka ji. Ya ce wani abu ya yi ɗas a cikin gwiwar, kafin magariba ta kumbura suntum, da sanda ya ƙarasa zangon karatun. Har yau abin na damuna, domin faɗuwar kanta ba ta kai ta kawo ba, yunƙurin tashin ne ya yi ɓarnar. In ka ji ka tafi, ka bi ta gefe, hannuwa a gaba, ƙafafu a haɗe, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Kada ka tashi sai ka tsaya cik.

Idan allo ɗaya ka zaɓa, wato sunobod, ƙafafunka biyu a ɗaure suke, ba ya saki, kuma wuyan hannu ne ke karyewa, saboda mutum yakan tare ƙasa da tafi. Ka nemi abin kare wuyan hannu mai tauri ka sa. In faɗuwar ta gaba ce, dunƙule hannu ka sauka a kan gwiwoyi da damatsa. Ta baya, mazaunai su fara taɓa ƙasa, haɓa a manne da ƙirji.

Hular kwano kam ba na sassauci a kanta. Michael Schumacher, zakaran tseren mota, ya bugi dutse da kai a Meribel ta Faransa a Disambar 2013, likitocinsa suka ce ba don hular ba da bai kai asibiti da rai ba. 'Yar fim Natasha Richardson kuwa a filin masu koyo ta faɗi a Kanada a 2009, ba hula. Ta tashi tana magana, ta ce lafiyarta ƙalau, ashe jini na taruwa a cikin kai, shi ya yi ajalinta. Mun taso da dauriya, amma a nan ba ta da amfani. Wanda ya bugu a kai, in ya fara amai, jiri, ruɗewa ko ciwon kai mai ƙaruwa, a kira lambar gaggawa ta 112 nan take, kada a bar shi ya kwanta shi kaɗai.

Ka biya malami ko na awa biyu ne, ya koya maka birki da juyawa. Aboki zai haye da kai sama ne kawai ya ce biyo ni. Hanyoyin launi gare su: kore da shuɗi na masu koyo, ja da baƙi ka bar wa masu shi. Wanda ke gabanka shi ke da hanya, kada ka tsaya a kwana ko bayan tudu inda na sama ba ya hango ka, kuma ka dubi sama kafin ka sake tashi.

Tabarau dole ne, dusar ƙanƙara na mayar da hasken rana cikin ido, baƙar fatarmu ba ta kare shi. Ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi. Da la'asar, in cinya ta fara rawa, ka sauka, ko abokai na cewa saura zagaye ɗaya. Kafin ku tashi kuma ka bincika ko inshorar lafiyarka ta ɗalibi ta haɗa da raunin irin wannan wasa. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.